Cocin baƙar fata a Amurka da masu ajiye maganin hawan jini

'Yan'uwana mazauna New York, musamman na unguwar Bronx, abin da muke gani a ɗakin shan magani ya isa a yi magana a kansa. Magidanci mai ƙarfi a jika, yana tuƙin tasi dare da rana, sai a kawo shi ɓarin jiki ya shanye, idan aka bincika sai a tarar an rubuta masa maganin hawan jini tun bara, ya sha na wata guda, ya ji garau, ya ajiye. Wa ya ce ku ajiye? Sauƙin da kuka ji aikin maganin ne, ciwon yana nan bai je ko'ina ba.

Fiye da rabin manyan baƙar fata a Amurka suna da hawan jini, kuma majami'unsu sun daɗe da shiga harkar lafiya. Tun a 1793 Richard Allen da Absalom Jones, wasu malaman coci baƙar fata, suka jagoranci jinyar masu zazzaɓin shawara a Filadelfiya. Daga baya, binciken Tuskegee, wanda aka bar baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani daga 1932 zuwa 1972, ya ƙara wa jama'a tsoron asibiti, amma ba su daina amincewa da cocinsu ba. Shi ya sa a yau majami'u da yawa suke ajiye ma'aikatan jinya da na'urar awon jini bayan ibadar Lahadi. Wani bincike da Dakta Gbenga Ogedegbe, ɗan asalin Najeriya, ya jagoranta a majami'u 32 na birnin nan, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna cewa jinin waɗanda 'yan cocinsu suka riƙa koyar da su tare da bibiyarsu ya sauka fiye da na sauran.

Waɗannan mutane masu addu'a ne matuƙa, amma addu'ar ba ta hana su haɗiyar ƙwaya kowace safiya ba. To, mu me ya same mu? Wani ya ce ya koma shan tafarnuwa, wata ta ce ba ta son jikinta ya saba da magani, har sai an kai ga wankin ƙoda sannan a fara neman taimako. Wallahi abin yana ƙona mini rai, domin iyayenmu ne da ƙannenmu.

Idan cocin unguwarku ya shirya ranar awo, ku shiga a auna ku, yawanci kyauta ne, kuma Musulmi da Kirista duk ana karɓa. Limamanmu ma su nemi a kawo irin wannan awo masallatai bayan Juma'a.

A taƙaice:
- Kada ku daina magani sai likita ya ce.
- Idan yana sa ku jiri ko tari, ku dawo a canza muku.
- Ku karɓo sabo kafin na hannu ya ƙare.
- Ku rage gishiri da magi.
- Baki ya karkace ko hannu ya mutu, a kira 911 nan take.