Masana'antar takarda a Najeriya: me ya durƙusar da ita, kuma ta ina za ta tashi?

Duk mai maɗaba'a a Kano ko Zariya ya san cewa da dala ta motsa, kuɗin rim ɗin takarda ya motsa. Ga tambayoyin da masu ɗab'i da masu son zuba jari suka fi yi a kan wannan lamari.

Shin Najeriya ta taɓa yin takardarta da kanta?

Ta yi. Gwamnatin tarayya ta gina manyan masana'antu uku, kowace da nata aikin. Ta Jebba a jihar Kwara, a bakin kogin Neja, ta fara aiki a 1969, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa tan 65,000 a shekara na takarda mai kauri ta kwali da buhu. Ta Oku-Iboku a jihar Akwa Ibom ta fara a 1986, an tsara ta ne don takardar jarida, tan 100,000 a shekara. Ta uku ita ce ta Iwopin a jihar Ogun, wadda aka yi domin farar takarda ta rubutu da ɗab'i. Gininta ya ɗauki shekaru masu yawa, kuma ko da aka kunna ta ba ta taɓa kusantar abin da aka tsara mata ba. Kafin shekarun 1990 su ƙare, dukkansu sun tsaya.

An sayar da su ga 'yan kasuwa a zamanin sayar da kamfanonin gwamnati. Ta Jebba, wadda kamfanin MINL ya saya a 2006, ita ce ta koma aiki, sai dai da tsofaffin kwalaye da takardu take yi, ba da itace ba. Farar takardar ofis da ta littattafai kuwa, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, daga ƙasashe irin su Indonesiya, Sin, Indiya da Barazil.

Ƙasar da ke da daji, ta yaya za ta rasa kayan yin takarda?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Takarda ba komai ba ce illa zaruruwan tsiro da aka warware aka sake shimfiɗa su, kuma zaren iri biyu ne. Itatuwa masu faɗin ganye, irin su malaina da turare, zarensu gajere ne, kusan milimita 1. Yana ba takarda santsi da kyan karɓar tawada, amma ba ya ba ta ƙarfi. Itatuwan fain na ƙasashen sanyi zarensu ya kai milimita 3 zuwa 4, shi ne ke riƙe takarda kada ta yage. Kamar ramno ne a cikin ƙasar gini: in babu shi, bango ya tsage.

Gwamnati ta dasa malaina mai yawa a dazukan Omo da Oluwa na kudu maso yamma domin waɗannan masana'antu, kuma malainar ta yi kyau, cikin shekara 8 zuwa 10 ta isa sara. Amma fain ɗin da aka dasa a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna bai taɓa isa ba. Saboda haka dole a sayo markaɗen dogon zare, wato zaren da aka riga aka warware daga itace, daga waje da dala, haka sinadarai, haka kayan gyaran inji. Da aka karya darajar naira daga 1986, masana'antun suka kasa sayen abin da ba za su iya aiki babu shi ba. A ƙara da rashin kula da injuna da naɗa shugabanni ta hanyar siyasa, sai ka ga abin da ya faru.

Yaya ake mayar da itace takarda, kuma ina kuɗin ke tafiya?

Ana ɓare ɓawon gungumen, a daddatsa shi ƙanana, a zuba a babbar tukunyar ƙarfe tare da soda mai ƙuna da wani sinadarin farar wuta. A dafa a zafin digiri 160 zuwa 170 na 'yan sa'o'i har danƙon da ya manne zaruruwan, wanda ake kira lignin, ya narke. Abin da ke fita markaɗe ne mai ruwan ƙasa, kuma bai wuce rabin nauyin busasshen itacen da aka zuba ba. In farar takarda ake so sai a wanke, a farar da shi da sinadarai.

Sauran rabin yana cikin baƙin ruwan dahuwa. Masana'antar da ta san aikinta ba ta zubar da shi. Tana ƙafar da shi ya yi kauri, ta ƙona shi a tukunya ta musamman, ta samu tururi da lantarki, ta kuma dawo da sodarta. Wannan sashe yana cikin mafi tsada a gini, kuma in ya lalace, riba ta tafi, kogin da ke kusa kuma ya mutu.

A kan injin takarda, markaɗen yana shiga ne a tsinke, kashi 99 cikin 100 ruwa. Yana bi ta kan raga mai gudu, ruwan ya tsiyaye, a matse shi tsakanin manyan naɗi, sannan ya ratsa jerin gangunan ƙarfe masu zafin tururi har danshinsa ya sauko kashi 5 zuwa 8. Busar da tan ɗaya na cin kusan tan 2 na tururi. Injin kuma ba ya son tsayawa: wuta ta ɗauke na minti ɗaya, shimfiɗar ta tsinke, markaɗe ya cushe a bututu, a yi sa'o'i ana wanki kafin a sake ɗaurawa. Shi ya sa babu wanda zai dogara da wutar gwamnati kaɗai a wannan sana'a. Dole ya mallaki tasharsa, ta gas ko ta wani makamashi mai araha.

Me zai hana a gyara Iwopin da Oku-Iboku kawai?

Ƙasa da ruwa da gine-ginen suna da amfani, amma injunan fasahar shekarun 1970 ce, sun kuma daɗe a kwance. Kasuwar ma ta sauya. Jaridu sun koma intanet, buƙatar takardar jarida ta faɗi a duniya baki ɗaya, don haka mayar da Oku-Iboku kan aikinta na asali asarar kuɗi ce. Sannan akwai batun girma: masana'antar da kamfanin Suzano ya buɗe a Barazil a 2024 tana yin markaɗe sama da tan miliyan 2.5 a shekara, daga turaren da ake sara cikin shekara 7. Mai tan 100,000 ba zai iya gasar farashi da wannan ba in kaya iri ɗaya suke yi. A ganinmu, in za a tayar da su, a tayar da su a kan kwali da takardar naɗe kaya, inda kasuwar cikin gida ke girma.

To rama da rake da karan gona fa?

Wannan ita ce ƙofar da ta fi dacewa da Arewa. Ramar da ake kwaɗo da ganyenta ana tufka igiya da ɓawonta, wannan ɓawon zarensa ya kai milimita 2 zuwa 3, wato zai iya maye gurbin wani kaso na dogon zaren da ake sayowa. Cikin wata 4 zuwa 5 ta isa yanka. Ɓawon shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na karan, sauran totuwa ce mai gajeren zare, kuma raba su kafin dahuwa yana ƙara wa takarda inganci.

Matsalar tana wajen tarawa. Masana'antar da ke son markaɗe tan 30,000 a shekara za ta buƙaci busasshen kaya kusan tan 65,000. Sau ɗaya ake girbi, inji kuwa kullum yana ci, don haka sai an yi rumbun wata goma sha biyu, a kare shi daga ruwan sama, gara da gobara. Karan ba shi da nauyi, mota ta cika ba ta ɗauki komai ba, sai an matse shi dila-dila tun a ƙauye. Manomi kuma ba zai bar masara ya shuka rama ba sai an yi masa alkawarin saye da farashi tun kafin damina.

Tuƙar rake ma tana aiki. A Ƙena ta Masar da jihar Tamil Nadu ta Indiya da ita ake yin takardar rubutu. Sai dai dole a cire lallausan cikinta, wanda ke shan sinadari a banza, kuma kamfanonin sukari na Numan da Sunti suna ƙona tasu don samun tururi, in za ka karɓa sai ka ba su wani makamashin. Bambaron shinkafa yana da yawa a Kebbi da Jigawa, amma yana ɗauke da sinadarin yashi da ke daskarewa a bututu ya hana a dawo da soda. Ƙananan masana'antun bambaro da suka zubar da baƙin ruwansu sun gurɓata koguna a Sin har gwamnati ta rufe da yawansu. Kada mu maimaita wannan a kogin Hadeja.

Mai ƙaramin jari, ta ina zai shiga?

Ta tsohuwar takarda. Ita ce ke riƙe da abin da ya rage na sana'ar a yau, daga Jebba har masu yin takardar bayan gida a Legas irin su Bel Papyrus. Ba ta buƙatar dahuwa: a jiƙa, a dama a babban inji, a tace yashi da ƙusoshin kwali da leda, in fara ake so a cire tawada da kumfa.

Wanda zai tara ya kai wa masana'anta ya kiyaye abu uku. Ya ware kaya, domin farar takardar ofis da yankakken gefen maɗaba'a sun fi kwali kuɗi, in aka gauraya kuwa farashin mafi arha za a biya. Ya cire salatif da leda da kwalin da ya sha mai, saboda danƙonsu na mannewa a raga ya huda takarda. Kada kuma ya yarda da 'yan bola masu jiƙa kwali don ya yi nauyi: masana'anta na auna danshi ta zabtare kuɗi, jiƙaƙƙen kwali kuma ruɓewa yake yi a cikin dila. Injin matse dila da rumfa mai rufi su ne jarin farko. Mataki na gaba shi ne injin yin kiret ɗin ƙwai, wanda kasuwarsa ke ƙofar kowane gidan kaji.

A sani dai zare yana gajarcewa duk lokacin da aka sake dama shi, bayan zagaye 5 zuwa 7 ba ya ƙara riƙe takarda. Dole sabon zare ya riƙa shigowa, kuma a halin yanzu yana shigowa ne a jikin kwalayen kayan da ake kawowa daga waje.