An tsayar da gwajin magani a asibiti: me dokar Ghana ta ce?

Tun shekaranjiya wata murya ke yawo a WhatsApp, daga Aboabo zuwa Asawase har Sabon Zango, wai an rufe wani gwajin magani a wani asibiti nan Kumasi kafin lokacinsa, wai don an gano guba ake ɗura wa mutane. Har an ƙara da cewa duk wanda ya sa hannu a takarda kuma ya janye, ɗaurin shekara 25 na jiransa. Wata yayata ta kira ni da asuba hankali a tashe, "Ƙanena, gaskiya ne za a kama mutane?" Na ce Yaya kwantar da hankalinki. Shekara 25 ɗin kam tana cikin doka, amma an juya mata kai ne.

Dokar ita ce Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, kuma kashi na takwas ɗinta kacokan a kan gwajin magani yake. Ba wanda ya isa ya gwada magani a jikin mutum sai da izinin Hukumar Abinci da Magunguna, wato FDA, kuma wannan ya haɗa da na asibiti da na gargajiya da kayan shafa da na'urar jinya. Babba shi zai sa hannu da kansa, yaro kuma sai uwa ko uba ko mai riƙonsa. Dole kuma a yi wa masu shiga inshora.

To ga wurin da ake ruɗewa. Dokar ta ba FDA ikon ba da umarni a dakatar ko a tsayar da gwaji nan take in ta ga cutarwar da ake samu ta sa hakan shi ne maslahar jama'a. Mutane da sun ji wannan sai su ɗauka duk gwajin da ya tsaya cutarwa ce ta tsayar da shi. Ina! Galibi ma kafin maganar ta kai ga FDA akwai kwamitin masana masu zaman kansu da ke leƙa sakamako lokaci lokaci, su kaɗai ke ganin alƙaluman ɓangarorin biyu, wato waɗanda aka ba maganin da ake gwadawa da waɗanda aka ba wani abu daban, alhali likitan da ke duba ka shi ma sau da yawa bai san wanne aka ba ka ba, kuma su ne ke ba da shawarar a ci gaba ko a tsaya.

Wani lokaci alheri ne ke tsayar da shi. A 1995 a Amurka an katse gwajin maganin hydroxyurea ga masu sikila saboda ya fito fili yana rage yawan tashin ciwon, sai aka ga zalunci ne a ci gaba da hana rabin mutane shi. Duk gidan da ke da mai sikila a zango ya san me tashin ciwon nan ke nufi da tsakar dare. Haka a Disambar 2006 aka tsayar da gwajin kaciya a Kenya da Yuganda don an ga tana rage wa maza kamuwa da ƙanjamau da kusan rabi. Mu da wanzamai suka gama mana tun muna yara sai dai mu ce madalla.

Wani lokaci kuma e, cutarwa ce. A 2011 an tsayar da wani babban gwaji a Yuganda da Kenya da Tanzaniya bayan an ga cewa saurin ƙara wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da yawa a jijiya yana ƙara mutuwa. Abin da ya kamata a lura, wannan ƙarin ruwan abu ne da likitoci suka daɗe suna yi da kyakkyawar niyya, gwajin ne ya tona asirinsa.

Akwai kuma wanda ba riba ba asara. Nan Kumasi da Accra, a 2005, an rufe gwajin wani man kariya daga ƙanjamau mai suna Savvy wanda mata sama da 2,000 suka shiga, don waɗanda suka kamu da cutar a cikinsu sun yi kaɗan ƙwarai har ba yadda za a gane ko man na aiki. Kuma mafi yawan gwaje-gwajen da ke mutuwa a hanya a duniya dalilinsu ko daɗin ji babu, an kasa samun isassun masu shiga ne, ko kuɗi ya ƙare.

Yanzu hukuncin. Wanda ya karya wannan kashi na dokar, tararsa ba ta gaza ma'aunin tara 15,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 25 ba, ko a haɗa masa duka biyun. Ma'auni ɗaya sidi 12 ne, ka ga sidi 180,000 ke nan. Wa aka nufa? Mai gudanar da gwajin. Wanda ya fara ba izini, wanda ya sa mutum ba tare da yardarsa ba, wanda aka ce ya tsaya ya yi kunnen ƙashi. Ke da kika sa hannu, ranar da kika ga dama kina iya cewa na fasa, ba sai kin kawo dalili ba, ba tara ba kotu, kuma ba a yarda a hana ki jinyar da kika saba samu don kin fita ba. Takardar nan shaida ce cewa an yi miki bayani kin yarda, ba takardar bashi ba ce.

Ni dai kalmar "ko" ɗin nan ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara 25 rabin rayuwar mutum ce, amma sidi 180,000 a wurin kamfanin magani na ƙasar waje ai kuɗin ataya ne. Gaskiya ne dokar ta ce "bai gaza ba", ma'ana alƙali na iya ɗagawa sama, amma tazarar da ke tsakanin biyun ta yi yawa, kuma kowa ya san wa zai iya biya wa zai kwana a kurkukun Nsawam.

Tsoron namu ma ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ke da dangi a Kano ya ji labarin gwajin maganin Trovan na 1996, lokacin annobar sanƙarau, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Nan gida kuma a 2015 maganar gwajin rigakafin Ebola a Hohoe ta tayar da ƙura, ana ta zancen waya da sidi 200 da za a ba masu shiga, majalisa ta ɗauki zafi, Ma'aikatar Lafiya ta dakatar, daga ƙarshe ba a yi shi ba. Wancan jita-jita ce ta kashe shi tun ba a yi wa kowa allura ba. Amma dai ƙasar nan ce aka gwada rigakafin maleriya a Kintampo da Agogo, wanda aka fara yi wa yaranmu a 2019.

In kana cikin gwajin da aka tsayar, kar ka watsar da maganin don ka ji murya a waya, wani maganin yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Ɗauki kwafin takardar da ka sa wa hannu, akwai lambar likitan da ta kwamitin da ya amince da gwajin, ka je ka tambaya me ya sa aka tsaya, wane magani aka ba ni, wa zai ci gaba da duba ni. In Turanci ne matsala ka ce a yi maka da Hausa ko Tuwi. In aka yi maka hanya-hanya, FDA na da ofis a Kumasi. Yayata kuwa na ce mata ta tambayi wanda ya turo mata muryar sunan gwajin, har yanzu bai ba ta amsa ba.