John Hammond: masanin girman dabbobi da ingancin nama

Sir John Hammond (1889–1964) masanin kimiyyar dabbobin gida ne ɗan Ingila, wanda ya yi kusan dukkan aikinsa a Jami'ar Kambirij. An fi saninsa da binciken yadda ƙashi da tsoka da kitse ke girma a jikin dabba, da yadda yawan abinci da lokacin da aka ba da shi ke sauya naman da za a samu bayan yanka. Tushen aikinsa shi ne cewa nauyin dabba a kan sikeli ba ya faɗin abin da ke ƙarƙashin fata: raguna biyu na iya yin nauyi ɗaya, a feɗe su a tarar ɗaya tsoka ce, ɗayan kuwa ƙashi da kitse.

Tasowarsa

An haife shi ranar 23 ga Fabrairu 1889 a ƙauyen Briston da ke yankin Norfolk, a gidan manoma. Ya yi karatu a Kwalejin Downing ta Kambirij, inda ya zama almajirin F. H. A. Marshall, masanin haihuwar dabbobi. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya koma bincike. Littattafansa na farko kan haihuwa ne, na zomo a 1925 da na saniya a 1927. A 1932 ya fitar da babban littafinsa kan girman tumaki da ingancin namansu, wanda daga gare shi ne sunansa ya bazu.

Wuƙa da sikeli

Kafin zamaninsa, akasarin masu binciken abincin dabbobi kan auna abin da dabba ta ci da nauyin da ta ƙara, wasu kuma su niƙa naman gaba ɗaya su auna ruwa da mai da furotin. Hammond da ɗalibansa sun bi hanyar mahauci, amma da tsananin ƙididdiga. A kan yanka dabbobi a matakan shekaru daban-daban, daga haihuwa har zuwa cikar girma. Bayan fiɗa, a auna kai da fata da ƙafafu da kowane ɗaya daga kayan ciki. Sai a rarraba naman zuwa wuya, karfata, haƙarƙari, gadon baya, ƙugu da cinya, kowane yanki kuma a bi shi da wuƙa a ware tsoka gefe, ƙashi gefe, kitsen ƙarƙashin fata gefe, kitsen da ke tsakanin tsoka da tsoka gefe, a auna kowanne.

Aiki ne mai cin lokaci, kuma kuskure na shiga cikinsa ta ƙofofi da yawa. Naman da aka bari a buɗe yana tsotsewa, nauyinsa ya ragu kafin a kai shi sikeli, don haka ake rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kuma tara nauyin gutsattsarin a kwatanta da na yankin tun kafin a taɓa shi. Abin da ke cikin tumbi ma yana ruɗarwa, domin a jikin saniya ko tunkiya yana iya kai kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta, gwargwadon irin abincin da lokacin da ta ci. Shi ya sa ake cire shi daga lissafi. Haka kuma idan masu yanka biyu ba su bi layi ɗaya ba wajen raba cinya da ƙugu, alƙaluman ba za su kwatantu ba.

Da yake ba kowa ke iya wannan wahala ba, ɗalibinsa Halldór Pálsson, ɗan ƙasar Aisland, ya nemi gajerar hanya a aikinsa na 1939. Ya nuna cewa rarraba cinya da gadon baya kaɗai na ba da kyakkyawan hoton sauran jikin. Akwai kuma awo a wurin haƙarƙarin ƙarshe: faɗin doguwar tsokar baya, zurfinta, da kaurin kitsen da ke kanta. Har yau a wannan wuri ake auna tumaki, sai dai yanzu na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da sauti ke leƙawa alhali dabbar na da rai.

Jerin girma

Abin da sikeli ya nuna shi ne sassan jiki ba sa girma tare. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta ke fara cika, sai ƙashi, sai tsoka, kitse ya zo a ƙarshe. Wannan ne ya sa ɗan rago sabon haihuwa yake kamar kai da ƙafafu kawai. Shi ma kitsen yana da jerinsa: na kewayen ƙoda da kayan ciki, sai na tsakanin tsokoki, sai na ƙarƙashin fata, daga ƙarshe wanda ke ratsa cikin tsoka kamar zare. Wannan na ƙarshen shi ke sa nama ya yi maiƙo a baki, kuma shi ya fi tsada ga mai kiwo, domin kafin a same shi dabbar ta riga ta tara kitse mai yawa a wuraren da za a yanke a zubar.

Daga nan ya gina ra'ayinsa na rabon abinci a jini. Idan abinci ya yi ƙaranci, sassan da ke kan gaba a jerin su ke fara ɗiba, na baya su haƙura. Kitse ke fara tsayawa, har ma jiki ya koma yana cin wanda ya tara, sai tsoka, yayin da ƙashi ke ci gaba da tsawo. Maraƙin da ya sha yunwa yana ƙarami shi ya sa yake fitowa dogo, mai babban kai da tsukakken ƙirji. Ɗan tayi kuwa yana cikin masu fara ɗiba, ko da uwar na ramewa.

Gwajin matakan abinci

Gwajin da ya fi shahara a makarantarsa shi ne na C. P. McMeekan, ɗan Niyu Zilan, wanda aka buga a 1940 da 1941. An raba aladu gida biyu tun daga haihuwa, wasu a ƙoshe, wasu a takure. Da suka kai mako 16 aka sake raba kowane gida biyu, aka sami rukuni huɗu: masu ƙoshi daga farko har ƙarshe, masu ƙoshi sannan takura, masu takura sannan ƙoshi, da masu takura daga farko har ƙarshe. Duka aka yanka su a nauyi ɗaya, laba 200, wato kusan kilo 91.

Waɗanda suka fi kowa kitse su ne waɗanda aka takura da farko aka sake wa abinci daga baya, domin abincin ya zo a lokacin da jiki ya karkata ga tara kitse. Waɗanda suka ƙoshi da farko aka rage musu daga baya sun gina ƙashi da tsoka a kan lokaci, kitsensu bai yi yawa ba. Pálsson da Juan Vergés na Ajantina sun maimaita irin wannan tsari da 'yan tumaki, aka buga sakamakon a 1952.

Tasirin uwa

A 1938 Hammond da Arthur Walton sun haɗa manyan dawakin Shire da ƙananan kuru na Shetland ta hanyar ɗura maniyyi, ta fuska biyu. Gadon 'ya'yan iri ɗaya ne, rabi daga nan rabi daga can, amma ɗan da babbar goɗiya ta haifa ya kai kusan ninki uku na wanda 'yar ƙaramar ta haifa, kuma tazarar ba ta gushe gaba ɗaya ba ko da suka girma. Mahaifa ce ta ƙayyade girman.

L. R. Wallace ya bi wannan sawu da tumaki a 1948. Cikin tunkiya kusan kwana 147 ne, kuma mafi yawan nauyin ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake samuwa. Tumakin da aka takura a ƙarshen ciki sun haifi ƙananan 'ya'ya, musamman masu tagwaye, hantsarsu kuma ba ta cika ba. Abin yana da nauyi ga nama, domin adadin zaruruwan tsoka kan kusan kammala kafin haihuwa, bayan nan kauri kawai suke ƙarawa.

Gyaran da aka yi masa

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba. A 1964 wasu masu bincike uku, Elsley da McDonald da Fowler, sun sake lissafa alƙaluman McMeekan da na Pálsson, suka cire kitse daga ciki, sai suka ga rabon tsoka da ƙashi bai sauya sosai ba tsakanin rukunan. Ashe kitse ne abin da abinci ya fi juyawa. Haka kuma Hammond ya ɗauka girma na tafiya daga kai da ƙafafu ya haɗu a gadon baya, kuma ingantattun irin shanun nama sun fi tara tsoka a wurare masu tsada. Roy Berg na Kanada da Rex Butterfield na Ostareliya, waɗanda suka ware tsokokin shanu ɗaya bayan ɗaya, sun nuna a littafinsu na 1976 cewa rabon tsoka a jiki kusan ɗaya ne tsakanin irin shanu, kuma cikar bayan da ido ke gani galibi kitse ce. Abin lura, da alƙaluman makarantarsa da kuma wuƙarsa aka yi wannan gyara, domin an rubuta su dalla-dalla yadda wani zai iya sake bi.

Sauran ayyuka da karramawa

Yana cikin waɗanda suka tsaya aka buɗe cibiyar ɗura wa shanu maniyyi a Kambirij a 1942, lokacin yaƙi. Cikin ɗalibansa akwai M. C. Chang, wanda daga baya ya yi fice a Amurka kan binciken haihuwa. An zaɓi Hammond ɗan Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, a 1933, aka ba shi sarautar Sir a 1960. Ya rasu a Kambirij ranar 25 ga Agusta 1964. Ƙungiyar masana kimiyyar dabbobi ta Birtaniya tana ba da lambar yabo da sunansa.