Fashin baƙi kan dokokin mayar da jihohin da suka ɓalle cikin tarayyar Amurka

Tun kafin yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, gardama ta kaure a birnin Washington kan sharuɗɗan da jihohi goma sha ɗaya na kudu, waɗanda suka ɓalle, za su cika kafin a sake ba su kujerunsu a majalisar dokokin ƙasa. Shugaba Abraham Lincoln ne ya fara fito da nasa tsarin a watan Disambar 1863, kuma mai sassauci ne ƙwarai: idan kashi 10 cikin 100 na adadin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen 1860 a wata jiha suka yi rantsuwar biyayya ga tarayya, suka kuma amince da 'yanta bayi, to jihar na iya kafa sabuwar gwamnati.

Masu tsattsauran ra'ayi a jam'iyyarsa ta Republican ba su gamsu ba, domin a ganinsu majalisa ce ke da hurumin wannan hukunci. Sanata Benjamin Wade na Ohio da ɗan majalisar wakilai Henry Winter Davis na Maryland suka gabatar da wani ƙudiri da majalisa ta amince da shi a watan Yulin 1864, wanda ya wajabta wa fiye da rabin fararen fata maza na jihar yin rantsuwar biyayya. Tsananin ƙudirin yana cikin rantsuwa ta biyu, wadda ta ce ba wanda zai zaɓi wakilan taron rubuta sabon tsarin mulkin jiha sai ya rantse cewa bai taɓa ɗaukar makami ko taimaka wa tawaye da son ransa ba. Rantsuwar Lincoln alƙawari ce a kan gobe, ita kuwa wannan tana tono abin da mutum ya aikata jiya, kuma a yawancin jihohin kudu kaɗan ne za su iya yin ta da gaskiya. Lincoln ya ƙi sa hannu, kuma da yake majalisa ta tashi kafin kwana goman da tsarin mulki ya ba shi su cika, ƙudirin ya mutu.

Babban giɓin da ke cikin tsare-tsaren biyu shi ne babu wanda ya ba baƙar fata ƙuri'a, alhali a kan bautarsu aka zubar da jinin. Bayan kisan Lincoln, magajinsa Andrew Johnson ya sakar wa kudu mara, jihohin suka kafa dokokin tauye 'yantattun bayi, lamarin da ya sa majalisa ta zartar da dokar watan Maris na 1867 duk da ƙin amincewarsa. Dokar ta kasa jihohi goma zuwa yankunan soja biyar, kowanne ƙarƙashin janar, ban da Tennessee da aka karɓa tun 1866. Ta kuma shardanta cewa maza baligai, har da baƙar fata, amma ban da waɗanda aka hana ƙuri'a saboda tawaye ko babban laifi, su zaɓi masu rubuta sabon tsarin mulkin jiha, sannan jihar ta amince da gyara na 14 na tsarin mulkin ƙasa, wanda ya ba 'yantattun bayi matsayin 'yan ƙasa. Jihar Georgia ce ta ƙarshe da aka mayar, a watan Yulin 1870.