Zanen tatu: me ya sa wasu ke samun sauƙi a bakin allura?

Abu ne mai ɗaure kai ka ji mutumin da ciwo ya addaba shekara da shekaru yana cewa natsuwar da yake samu a kan kujerar mai zanen tatu ba ya samunta a ko'ina, alhali allura ce ke cin fatarsa. Masu faɗin haka suna da yawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Akwai abin da ke faruwa a jiki da ke jawo hakan, akwai abin da zuciya ke nema a cikin zanen, akwai kuma inda ya kamata a taka a hankali.

Me allurar take yi wa fata har zanen ya zauna din-din-din?

Fata hawa-hawa ce. Ta sama kullum saɓewa take tana sabunta kanta, don haka tawadar da ta tsaya a nan ba ta daɗewa. Mai zane yana tura tawadar ne zuwa hawa na biyu, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu, inda ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suke. Injin da ake amfani da shi yana soka allurar sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a cikin minti guda. Samuel O'Reilly ne ya yi rajistar irin wannan injin mai lantarki a birnin New York a 1891, bayan ya gyara wani alƙalamin lantarki da Thomas Edison ya ƙera.

Jiki yana ɗaukar tawadar a matsayin baƙuwa, sai ya turo ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta. Su haɗiye, amma su kasa narkar da ita, su zauna da ita a wurin. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2018 ya nuna cewa idan waɗannan ƙwayoyin suka mutu, sababbi ne ke zuwa su sake haɗiye tawadar a inda take. Shi ya sa zanen ke bin mutum har kabari.

Zafin ya kai yadda ake faɗa?

Ya danganta da wurin. Inda nama ke da kauri, kamar bayan damtse da gefen cinya, yawancin mutane suna jurewa ba tare da wata wahala ba. Inda fata ta kwanta a kan ƙashi, kamar haƙarƙari, idon sawu, gadon baya da yatsu, ko inda take da laushi kamar hammata da bayan gwiwa, nan ne ake ganin ƙato yana cije leɓe.

Zafin ma ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Zana layin farko kaifi gare shi. Cike launi kuwa zugi ne da raɗaɗi, don allurar tana komawa wuri ɗaya sau da yawa. Bayan awa uku ko huɗu, abin da mutane da yawa suka fi tsoro ma shi ne gogewa: mai zanen ya ɗauko takarda ya share tawada da jinin da ya tsattsafo, fatar kuma ta riga ta kumbura ta yi taushi. A lokacin ne wasu ke fara rawar sanyi ko jiri, musamman wanda ya zo da yunwa ko bai yi barci ba.

To ta yaya abin da ke sa zafi zai rage zafi?

Abubuwa uku ne suke haɗuwa. Na farko, da allura ta fara shiga, jiki yana sakin adirenalin da kuma endofin, sinadarin da ke aiki a wuraren da magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin ke aiki a ƙwaƙwalwa. Bayan minti goma ko ashirin mutane da yawa sukan ji zafin ya lafa, jiki ya yi sakayau, wani har gyangyaɗi yake yi.

Na biyu, zafi yana danne zafi. Saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya bi ta laka, a can kuma ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage. Ronald Melzack da Patrick Wall ne suka fito da wannan bayani a 1965, kuma shi ne dalilin da ya sa mutum ke murza wurin da ya buge ya ji dama-dama. A 1979 Daniel Le Bars da abokan aikinsa suka nuna cewa sabon zafi mai ƙarfi a wani sashe na jiki yana sa ƙwaƙwalwa ta rage jin zafin wasu sassan. Mai ciwon baya da ake yi wa zane a hannu zai iya mantawa da bayan nasa na wasu awoyi saboda wannan.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Ciwo mai daɗewa ba ya neman izini. Yana zuwa da tsakar dare, ba ya faɗin ranar tafiya, wani lokacin likita ma ya duba ya ce bai ga komai ba, 'yan uwa su fara zargin ko raki ne. Zafin allura kuwa mutum ne ya zaɓi ranarsa, ya san dalilinsa, ya san zai ƙare, yana iya ɗaga hannu ya ce a dakata kuma a dakata ɗin. Masana ilimin ciwo sun daɗe da gano cewa zafin da mutum ke da iko a kansa ya fi sauƙin ɗauka. Ga wanda jikinsa ya daɗe yana juya shi yadda ya ga dama, awa biyu na cewa "ni na sa a yi" ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗa zane da neman sauƙin ciwo sabon abu ne?

Da alama ya girmi rubutaccen tarihi a wurare da yawa. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, aka sa masa suna Otzi. Ya rayu kimanin shekaru 5,300 da suka wuce, kuma an ƙirga zane 61 a jikinsa, gajerun layuka da 'yan gicciye da aka yi da baƙin gawayi. Ba a wuraren ado suke ba. Yawancinsu suna ƙugu, gwiwa da idon sawu, wuraren da hoton ƙashi ya nuna gaɓoɓinsa sun lalace. Wannan ya sa masu bincike da dama ke ganin magani aka yi masa da su.

Ke nan tatu yana maganin ciwo mai daɗewa?

A'a. Sauƙin na awoyi ne, idan ya yi nisa kwana ɗaya ko biyu, sannan ciwon ya dawo, ga kuma sabon rauni da jiki zai yi makonni biyu zuwa huɗu yana warkar da samansa. Wasu ma abin juye musu yake. Masu cutar fibromiyaljiya, wadda ke sa ciwo ko'ina a jiki, sau da yawa tsarin nan na danne zafi da zafi ya yi rauni a jikinsu, don haka zaman zane na iya tayar musu da ciwon maimakon ya kwantar. Abin da ke damuna shi ne a ji labarin wanda ya samu sauƙi, sai wani ya ajiye maganinsa ko ya daina zuwa asibiti. Wanda ya ce zanen ya taimake shi ya jure ciwonsa, gaskiya ya faɗa. Cewa ya warkar da shi kuwa magana ce daban.

Man kashe zafi da ake shafawa fa, yana aiki?

Yana aiki, amma da iyaka. Yawancinsa lidoken ne a ciki, ana shafa shi kamar awa ɗaya kafin a fara, ya riƙe awa ɗaya zuwa biyu. Idan ya saki a tsakiyar aiki, zafin yakan zo gaba ɗaya ba tare da jiki ya shirya ba. Wasu masu zanen ba sa son sa don yana iya canza laushin fata, don haka a tambaye su tukuna.

Haɗarinsa a yawan shafawa yake. Idan aka lafta shi a wuri mai faɗi, aka naɗe da leda, ko aka sa a fatar da ta riga ta fashe, yana shiga jini ya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a 2007 bayan mutuwar wasu mata biyu da suka shafe ƙafafunsu da irin wannan man suka naɗe kafin a cire musu gashi da leza, wato na'urar haske mai ƙarfi. A 2024 ta sake gargaɗi cewa kada a sayi wanda lidoken ɗinsa ya wuce kashi 4 cikin ɗari ba tare da likita ba. Asfirin da giya kuwa suna ƙara zubar jini, jinin ya riƙa turo tawadar waje. Cin abinci, shan ruwa da isasshen barci sun fi su amfani nesa ba kusa ba.

Wace ma'ana mutane ke nema a ciki?

Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Amurkawa a 2023, ta samu kashi 32 cikin ɗari na manya suna da tatu. A cikinsu kashi 69 sun ce sun yi ne don tunawa da wani ko girmama wani abu. Masu cewa don kyau ne kashi 32 kawai. Wato rashi da ƙauna sun fi ado kai mutane gaban allura.

Uwa ta sa a kwafi rubutun hannun ɗanta da ya rasu, da karkatattun haruffansa yadda suke. Matar da aka cire wa nono saboda sankara ta sa a zana mata kan nono mai kama da na gaske, ko furanni a kan ɗinkin, ta yadda idan ta tsaya gaban madubi abin da ta zaɓa za ta fara gani kafin aikin wuƙar likita. A 2013 wata Ba'amurkiya, Amy Bleuel, wadda mahaifinta ya kashe kansa, ta fara wani gangami da alamar waƙafi mai ruwa (;), don marubuci yakan sa ta ne a inda zai iya rufe jimla amma ya ci gaba. Dubban waɗanda suka tsallake tunanin kashe kai suna ɗauke da ita a wuyan hannu. Kiristocin Kibɗawa na Masar kuma sun ɗauki ƙarnoni suna zana ƙaramin gicciye a cikin wuyan hannu, shaidar ko su wane ne.

Zaɓi shi ne ginshiƙin duk wannan. A sansanin Auschwitz, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi na Jamus sun zana wa fursunoni lamba a fata don su shafe sunayensu. Shekaru da yawa bayan haka, wasu jikokin waɗanda suka tsira suka sa aka zana musu lambar kakanninsu a hannunsu, don kada a manta.

Dole ne sai an sha wuya zanen zai yi ma'ana?

A wasu al'ummomi wuyar tana cikin ma'anar. A Samoa, tsibiran da ke tekun Pasifik, ana yi wa namiji zanen pe'a daga ƙugu zuwa gwiwa, da kayan hannu da ake bugawa da sanda, kwanaki ko makonni ana yi, dangi na zaune kusa suna ƙarfafa masa gwiwa, kuma wanda ya gudu bai ƙarasa ba ya ɗauko abin kunya. Amma wannan tsarinsu ne, da dokokinsa da mutanensa. Ban ga dalilin da wani zai raina matar da ta sha tiyata da ƙona sankara don ta nemi a shafa mata man kashe zafi ba. Ta riga ta biya nata kason.

Addini fa?

Ga mutane da yawa nan maganar take tsayawa. A Musulunci akwai hadisi a Bukhari da Muslim da ya la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa, kuma a kansa mafi yawan malamai suka haramta zanen da ba ya fita. Malamai sun bambanta shi da abin da lalurar magani ta kawo, kamar ɗigon da likitoci ke yi a fata don saita na'urar ƙona sankara. Yahudawa masu riƙo da addini suna hana shi bisa Littafin Firistoci 19:28, Kiristoci kuwa sun rabu a kan ko ayar ta shafe su. Wanda ya riga ya yi kafin ya sani, ko kafin ya shiga addinin, ya tambayi malami mai ilimi kafin ya ɗauki wuƙa ko sinadari ya illata kansa.

Wanda ke cutar da kansa, tatu zai iya maye masa gurbi?

Rufe tsofaffin tabo da zane ya taimaki mutane da yawa su daina ɓoye hannuwansu, kuma masu zanen kirki sukan ce a jira tabon ya shekara ko fiye. Amma idan mutum ya lura zafin yake nema, ba ya ma damuwa da abin da za a zana, yana komawa duk lokacin da ransa ya ɓaci, to abin da ke cin sa yana nan bai taɓu ba. Wannan likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara yake buƙata, kuma neman su ba abin kunya ba ne.

Su wane ne ya kamata su ga likita tukuna?

Masu shan maganin tsinka jini, masu ciwon sukari da rauninsu ba ya saurin warkewa, masu raunin garkuwar jiki, masu juna biyu, da duk wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu ya wuce girman raunin, abin da ya fi yawa a masu baƙar fata. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita tana ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C, don haka a buɗe sabuwa a gaban idonka. Jar tawada ta fi sauran jawo ƙaiƙayi da kumburi. A binciken Pew ɗin nan, kashi 24 cikin ɗari na masu tatu sun ce sun yi nadamar aƙalla ɗaya. Cirewa da leza tana ɗaukar zama da yawa, makonni tsakanin kowane zama, ta fi zanen tsada, kuma a baƙar fata tana iya barin wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu.