Waiwaye: yadda aka karɓi fim ɗin Shaihu Umar

Labarin ya faro ne daga gasar ƙagaggun labarai da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, inda malamin makaranta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar da littafinsa Shaihu Umar. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a matsayin Shaihun.

Tun daga littafin, mahawarar manazarta ta fi karkata kan bauta. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya ƙetara Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami. Ana iya cewa wannan ya sassauta munin bautar, ya mai da ita ƙaddara kawai. Amma duk wanda ya bi sawun mahaifiyarsa, wadda ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, ba zai yarda marubucin ya rufa wa cinikin bayi asiri ba.

Fim ɗin kuwa bai samu irin wannan nazarin ba, don shekara da shekaru ba a iya ganinsa. Zaren fim na wancan zamani ba ya jure zafi da danshi. Da farko yakan soma wari mai tsami, sai ya ƙanƙance ya lanƙwashe, ramukan gefensa su daina hawa haƙoran na'urar haska fim, launi ya dishe. Maganinsa ɗaki mai sanyi marar laima.

A 2016 aka gano gwangwanayen da ke ɗauke da zaren fim ɗin a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Berlin ce ta gyara shi: a tsabtace zaren, a ɗinke inda ya yage, a kwafe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta, a daidaita launi da sauti. Fim ne na minti 142, hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato sama da hoto 200,000. An nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Mai kallon yau zai ga tafiyarsa a hankali take, kamar ayarin raƙuma. Hakan ya dace da labarin, domin malami ne zaune yana ba almajiransa tarihinsa.