Me Kiristoci ke nufi da "sulhu da Allah"?

Wanda ya saba zuwa sujada ya sha jin mai wa'azi yana cewa, "Ku yi sulhu da Allah." Wasu kan ɗauka ana nufin mutum ya bar munanan halaye, ya riƙa zuwa ikilisiya kawai. Maganar ta fi haka nauyi.

Ba a yin sulhu sai an ɓata, kuma a koyarwar Kirista ɓatawar ta faro ne tun daga Farawa, littafin farko na Littafi Mai Tsarki, sura 3. Da Adamu da Hauwa'u suka ci 'ya'yan itacen da aka hana su, sai suka ji motsin Ubangiji a cikin gonar, suka ruga suka ɓuya a tsakanin itatuwa. Ba a riga an kore su ba, ba a yanke musu hukunci ba, su ne suka fara gudu. Shi ya sa Kiristoci ba sa kallon zunubi a matsayin jerin laifuffuka kaɗai. Juya wa Allah baya ne, sata da ƙarya da ƙiyayya kuwa 'ya'yansa ne. Ishaya 59:2 ya ce laifofin mutane ne suka raba su da Allahnsu, Manzo Bulus kuma a Romawa 3:23 bai tsame kowa ba.

Isra'ilawa sun riƙa ganin wannan rabuwa da idonsu. A Haikalin Urushalima akwai labule da ya tsare Wuri Mafi Tsarki, babu mai ƙetare shi sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, ɗauke da jinin hadaya.

A tsakanin mutane, mai laifi ne ke zuwa ban haƙuri, ko a sami mai shiga tsakani kowa ya sassauta. A nan kuwa wanda aka yi wa laifin shi ne ya taso, shi ne kuma ya ɗauki nauyin gyaran, kuma a ganina wannan ne zuciyar zancen. Romawa 5:10 ta ce tun muna abokan gaba aka sulhunta mu da Allah ta wurin mutuwar Ɗansa. Matiyu 27:51 ya ba da labari cewa da Yesu ya mutu a kan gicciye, labulen nan ya tsage biyu, daga sama har ƙasa.

Ka duba misalin da Yesu ya bayar a Luka 15. Yaro ya karɓi gādonsa, ya je wata ƙasa ya cinye, har ya koma kiwon aladu yana ƙyashin abincinsu. Ya kamo hanyar gida yana maimaita abin da zai faɗa, a ɗauke shi ko da ɗan ƙodago ne. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya rungume shi, ya ce a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Yaron dai sai da ya tashi ya dawo, wannan ita ce tuba, amma ba tafiyarsa ce ta saya masa matsayin ɗa ba. Afisawa 2:8-9 ta ce ceto ta alheri ne, ta wurin bangaskiya, ba ladan aiki ba.

An daɗe ana jayayya kan matsayin ayyuka nagari, musamman tun zamanin Martin Luther, malamin Jamus da ya ƙalubalanci koyarwar Katolika a ƙarni na 16. A 1999, a birnin Augsburg na Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar da ta amince cewa alheri ne ke ceto, ayyuka nagari kuma su biyo baya.

Daga cikin abin da ke biyowa, wanda ya fi yi wa mutane wuya shi ne shiri da ɗan'uwa. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baikonka, wato kyautarka ga Allah, gaban bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa.